Motsin Yau da Kullum: Abin da Yake Yi wa Jiki, da Abin da Sikeli Ke Ɓoyewa

A shekarar 1953 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya wallafa wani bincike a mujallar Lancet, wanda har yau duk mai son yin magana kan motsa jiki sai ya bi ta kansa. Ya duba bayanan lafiyar ma'aikatan sufurin birnin Landan, maza kusan 31,000, cikinsu har da masu aiki a dogayen bas ɗin nan masu hawa biyu. Kowace mota mutum biyu ne a cikinta, direba da kwandasta. Talakawa ne 'yan uwan juna, hanya ɗaya suke bi, hayaƙi ɗaya suke shaƙa. Abin da ya raba su shi ne yadda suke wuni. Direba yana manne da kujera kusan duk tsawon aikinsa. Kwandasta kuwa yana sama yana ƙasa wajen karɓar kuɗin mota, kafin ya tashi aiki ya taka matakala 500 zuwa 750. Da aka ƙirga, sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma idan ya kama su ya fi saurin kashe su. Morris ya sake duba ma'aikatan gidan waya, sai ga abu iri ɗaya: masu yawon raba wasiƙa a ƙasa ko a keke sun fi masu zaman tebur tsira.

Masu ja da shi suka ce ai wataƙila tun farko masu ƙiba ne ke zaɓar tuƙi, sirara su tafi aikin kwandasta. Magana ce mai ma'ana, shi ma bai raina ta ba. Ya je ya nemo bayanan awon wandunan da hukumar sufurin ke ɗinka wa ma'aikatanta. Ya tarar lalle direbobi sun fi faɗin ƙugu tun daga ranar da aka ɗauke su aiki, amma ko an kwatanta kwandasta mai tumbi da direba mai tumbi irin nasa, kwandastan ne dai ke kan gaba wajen tsira.

Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe daga wannan labari. Kwandastan nan bai taɓa sa kayan wasa ya ce zai je motsa jiki ba, aikinsa kawai yake yi, motsin yana cikin wuninsa kamar yadda gishiri yake cikin miya. Sannan kariyar da ya samu ba ta jira tumbinsa ya zube ba. A ganina duk ruɗanin da ake yi kan wannan batu daga rashin raba waɗannan abubuwa biyu yake tasowa, wato amfanin motsi ga lafiya da amfaninsa ga rage ƙiba. Na farko babba ne ƙwarai. Na biyu akwai shi, amma bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma ba a inda ake nemansa yake ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na ɗauki wata guda cur ina tafiyar rabin awa kowace safiya, ban yi fashi ba. Ranar da watan ya cika na cire takalmi na hau sikeli, zuciyata cike da sa rai. Allurar ta motsa da ƙyar, abin bai kai kilo ɗaya ba. Na sauka na sake hawa, haka dai. Washegari ban fita ba, jibi ma haka, kafin in ankara na koma inda na fito. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne barcina ya gyaru, kuma na daina tsayawa hutu a hawa na biyu na benen wurin aikinmu. Ban sa waɗannan a lissafi ba saboda ba su na je nema ba. Na san mutane da yawa da suka ajiye tafiya a daidai wannan gaɓa, kuma abin yana damuna, domin sun yar da abu mai daraja saboda alƙalin da suka naɗa bai iya ganinsa ba.

Bari mu buɗe lissafin, domin shi ne zai nuna dalilin da ya sa allurar ba ta motsa ba.

Ƙarfin da jiki ke ƙonawa a rana, wanda ake aunawa da kalori, kashi uku ne. Mafi girmansu, kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100, yana tafiya ne wajen raya jiki kawai: zuciya ta buga, huhu ya ja iska, hanta da ƙoda su yi aikinsu, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da tunani. Ko mutum yana kwance tun safe har dare sai an biya wannan kuɗin. Kusan kashi 10 kuma narkar da abinci ke cinyewa. Ragowar shi ne na motsi. To mutum mai nauyin kilo 80 idan ya yi tafiya da sauri na rabin awa zai ƙona kalori wajen 150. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kalori kimanin 7,700. Raba wannan da wancan, za ka ga sai ya yi kwana hamsin yana wannan tafiya kafin kilo ɗaya ya tafi, shi ma idan bai ƙara ko loma ɗaya kan abin da ya saba ci ba. Kwalbar lemon zaƙi guda ta isa ta mayar da abin da rabin awar nan ta fitar.

Lissafin ma bai tsaya nan ba, domin jiki ba asusu ba ne da za ka cire ka ga ya ragu daidai da abin da ka cira. Yana rama abin da aka ɗebe masa. Wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, ya je arewacin Tanzaniya wurin mutanen Hadza, waɗanda har yanzu wasunsu da farauta da tonon saiwoyi da ɗiban zuma suke rayuwa. Mazajensu kan yi tafiyar fiye da kilomita 10 a rana. Kowa ya zaci idan aka auna za a tarar suna ƙona kalori fiye da ma'aikacin ofis nesa ba kusa ba. Sakamakon da ya fito a 2012 ya ba kowa mamaki: idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da Bahadze ke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na mutumin Amurka ko Turai ba. Fassarar Pontzer ita ce idan aka yawaita motsi na dogon lokaci, jiki yana tsuke bakin aljihu a wasu wuraren. Har yanzu masana suna muhawara kan girman wannan ramuwa. Wani nazari na 2021 da ya haɗa manya sama da 1,700 ya ƙiyasta ta a kashi 28 cikin 100, ma'ana cikin kowace kalori 100 da ka ƙona da motsi, wajen 72 ne ke fitowa a lissafin ƙarshen rana. Sai kuma ramuwar da kowa ya sani a jikinsa: wanda ya yi gumi da safe yakan ji ya cancanci ƙarin abinci da rana, ya kuma miƙe ƙafa da yamma yana ganin ai ya gama nasa.

Saboda haka mai neman rage ƙiba da gaske, mafi yawan aikin a kwano yake. Duk wanda ya gaya maka tafiya kaɗai za ta zubar maka da kilo 20 alhali cinka yana nan yadda yake, bai gaya maka gaskiya ba.

Amma akwai wani ɓangare na lissafin da aka daɗe ana rainawa, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kason nan na motsi shi ma gida biyu ne. Akwai atisayen da mutum ke ware wa lokaci, akwai kuma duk sauran motsin da ba a kiransa atisaye: tsayuwa, shara, wanki, ɗaukar yaro, zuwa ɗauko wani abu a ɗaya ɗakin, hawa bene, kai har da kaɗa ƙafa a zaune. Ga mafi yawan mutane wannan na biyun ya fi na farkon yawa, saboda dalili mai sauƙi. Ko wanda ke zuwa ɗakin motsa jiki sau uku a mako, awa uku ya ba shi cikin awa sama da ɗari da yake a farke. Sauran awannin fa, me ake yi da su?

Likita James Levine, lokacin da yake asibitin Mayo a Amurka, shi ne ya fi kowa bin diddigin wannan tambaya. A wani bincike da ya fito a mujallar Science a 1999, ya ɗauki mutum 16 marasa ƙiba, ya riƙa ɗura musu ƙarin kalori 1,000 a kowace rana har mako takwas, tare da hana su ƙara atisaye. Ƙari iri ɗaya aka ba kowa, amma kitsen da suka tara ya bambanta har ninki goma: wani bai kai rabin kilo ba, wani ya haura kilo huɗu. Da aka bincika ina ƙarin ya tafi a jikin waɗanda ba su yi ƙiba ba, sai aka ga jikinsu ne ya ƙara ƙananan motsi ba tare da sun sani ba, wani har ya ƙona ƙarin kalori kusan 700 a rana ta wannan hanya. A 2005 Levine ya sake gwaji, wannan karon ya ɗinka na'urorin awo a cikin kamfai, suna rubuta yanayin jiki kowane rabin daƙiƙa har kwana goma. Mutum goma sirara, goma masu ƙiba, dukkansu ba masu atisaye ba. Masu ƙibar sun fi sirarun zama da kimanin awa biyu a kowace rana, bambancin da ya kai kalori wajen 350. Wannan ya ninka tafiyar rabin awar da muka lissafa a baya har fiye da sau biyu, kuma babu wanda ya yi gumi a kansa. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Kada a ɗauki wannan a matsayin zargi ga masu ƙiba. Binciken da kansa ya nuna ɗabi'ar zaman ba ta sauya ba ko da aka sa masu ƙibar suka rage nauyi, aka sa sirarun suka ƙara, abin da ke nuna akwai hannun halitta a ciki. Wani an halicce shi ba ya iya zama wuri ɗaya, wani kuma kujera na kiransa. Darasin da na ɗauka shi ne wanda jikinsa ba ya tashinsa da kansa, dole tsarin wuninsa ya riƙa tashinsa.

Yanzu mu koma ɓangaren lafiya, inda hujjojin suka fi ƙarfi. Tsoka ita ce babbar mai shan sukarin da ke cikin jini. Idan tana aiki tana jan sukari cikinta ko da sinadarin insulin, mai sa sukari ya bar jini ya shiga tsoka, bai yi mata umarni sosai ba, kuma bayan an gama motsin takan ɗauki awanni tana saurin amsa kiran insulin ɗin. Idan kuwa aka bar manyan tsokokin cinya da ɗuwawu a kwance kan kujera awa bayan awa, sukarin da aka ci sai ya daɗe yana yawo a jini. A 2012 David Dunstan da abokan aikinsa a Ostireliya sun gwada wannan a kan manya masu nauyin jiki. Wata rana su zauna ba tashi, wata rana kuma su riƙa tashi kowane minti 20 su yi tafiyar minti biyu kacal. Ranar tashin, hauhawar sukari bayan cin abinci ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da tafiyar a hankali aka yi ta. Shi ya sa tafiyar minti goma bayan cin abinci take da daraja fiye da yadda ƙanƙantarta ke nunawa.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda aka yi a Amurka kan rigakafin ciwon suga, aka wallafa a 2002. Mutum 3,234 ne waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma ciwon bai kama su ba tukuna. Aka raba su uku. Wasu aka ba su maganin metformin, wasu ƙwayar da ba magani a cikinta, wasu kuma aka taimaka musu su gyara ci, su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsi na minti 150 a mako, galibi tafiya da sauri. Bayan kusan shekara uku, maganin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, gyaran rayuwar kuwa ya rage da kashi 58. Lura da girman abin da aka nema daga gare su. Kashi 7 ga mai kilo 90 bai wuce kilo shida da ɗoriya ba. Yawancinsu da ƙibarsu suka gama gwajin, amma haɗarin ya faɗi da fiye da rabi.

Minti 150 ɗin nan shi ne har yau ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kai. Jagorarta ta 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici shi ne wanda numfashinka zai ƙaru, kana iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ba. Mai tsanani kuwa kalma biyu uku za ka faɗa sai ka ja iska. Akwai wani gyara a jagorar da mutane da yawa ba su san an yi ba. A da ana cewa motsi ba ya shiga lissafi sai ya kai minti goma a jere. Amurka ta cire wannan sharaɗi a 2018, Hukumar ma ta cire a 2020, saboda hujja ta nuna gutsattsarin motsi ma suna taruwa. Minti biyu a matakala, minti biyar zuwa tasha, minti huɗu ɗauke da kaya, duk suna shiga. Duk da wannan sauƙi, ƙididdigar Hukumar ta nuna a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, mutum biliyan 1.8, ba sa cika ma'aunin, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu.

Har gutsuren da bai wuce minti ɗaya ba an auna shi. Emmanuel Stamatakis na Jami'ar Sidni ya bi bayanan mutum sama da 25,000 a Birtaniya waɗanda suka ce ba sa atisaye ko kaɗan, an ɗaura musu na'urar awo a hannu. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna waɗanda ke samun ɗan motsi mai tsanani na kamar minti ɗaya, sau uku ko huɗu a rana, irin su gudun cim ma mota ko hawa bene da sauri, haɗarin mutuwarsu cikin kusan shekara bakwai ya yi ƙasa da na marasa yi da kusan kashi 40 cikin 100. Irin wannan bincike na kallo ne, ba ya tabbatar da cewa motsin shi kaɗai ne sanadi, tunda mai lafiya dama shi ke iya gudu. Amma ya dace da duk abin da aka gani tun zamanin kwandastocin Morris.

Batun taku 10,000 kuwa ba sai mun daɗe a kansa ba. Ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ne da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965, bayan wasannin Olamfik na Tokiyo, Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Da aka zo aka auna da gaske, I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta gano a 2019, cikin tsofaffin mata sama da 16,000, cewa masu taku 4,400 a rana sun riga sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Wani nazari na 2022 da ya tattara bincike 15 ya sa iyakar a 6,000 zuwa 8,000 ga waɗanda suka kai shekara 60, da 8,000 zuwa 10,000 ga na ƙasa da haka. Riba mafi tsoka tana wurin wanda ya tashi daga kusan babu zuwa ɗan kaɗan. Mai taku 3,000 da ya koma 5,000 ya fi cin moriya kan mai 10,000 da ya koma 12,000.

To ina gurbin motsi a yaƙi da ƙiba, tunda mun ce ba shi ke zubar da mafi yawan kilo ba? Gurbinsa biyu ne. Idan mutum ya rage ci kawai, ba kitse kaɗai ke tafiya ba, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zube daga tsoka da sauran naman jiki ne. Aikin ƙarfi yana rage wannan asara, kuma ba lalle sai da ƙarafa ba: tashi daga kujera ka koma sau goma ba tare da dafa hannu ba, tsugunno, tura bango, ɗaukar kaya mai nauyi zuwa sama. Gurbi na biyu shi ne hana ƙibar dawowa, wanda shi ne wurin da akasarin mutane ke faɗuwa. A 1994 Rena Wing da James Hill suka buɗe wani kundi a Amurka na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗoriya kuma suka riƙe hakan shekara guda ko fiye. Hanyoyin cin abincinsu sun sha bamban, amma kusan tara cikin goma suna motsi na wajen awa ɗaya a kowace rana, kuma tafiya ce abin da suka fi yi. Motsi yana kuma taɓa kitsen da ya fi haɗari, wanda ke cikin ciki kewaye da hanta da hanji, ko da sikeli bai nuna wani sauyi ba. Sai dai kada kowa ya ruɗe ka da cewa motsa ciki yana narkar da teɓa. Jiki ba ya ɗebo kitse daga wurin da kake motsawa, daga ko'ina yake ɗebowa bisa tsarinsa.

Saura tambayar yadda za a sa motsin ya zauna. Abin da na gani shi ne duk motsin da sai ka yanke shawara sabuwa kowace rana kafin ka yi shi, ranar gajiya zai mutu. Wanda ke rayuwa shi ne wanda aka ɗaura a jikin abin da dole ka yi. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri, irin "idan na ajiye cokali zan fita in zagaya minti goma", ta fi "zan riƙa tafiya" cika. Ɗauki wunin ma'aikacin tebur ka duba. Ya sauka daga mota tasha ɗaya kafin tasa, minti takwas ke nan, da dawowa goma sha shida. Duk kiran waya ya amsa shi a tsaye yana kai da komo. Ya bar lifta ga masu buƙata, ya bi matakala ko da hawa biyu ne, sauran ya hau lifta. Ya ajiye ruwan shansa nesa da tebur, ƙishi ya riƙa tashinsa. Saƙon da zai tura wa abokin aiki a ɗaki na gaba ya kai shi da ƙafa. Kafin dare ya haɗa minti talatin ko arba'in, kuma ba a ce ya nemo wani lokaci daga wani wuri ba. Mai aikin gida ma haka, abin da zai ƙara shi ne ɗan sauri a wasu ayyukan har numfashi ya ɗaga.

Yana ɗaukar lokaci kafin ya zama jiki. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da ke koyon sabuwar ɗabi'a, suka ga matsakaicin lokacin da take ɗauka kafin ta zama ba a tunani a kanta kwana 66 ne, wani 18, wani har 254. Abin da ya fi kwantar min da hankali a binciken shi ne fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Da na san wannan a wancan watan da na hau sikeli, da rana ta uku na fita.

Akwai mutane biyu da wannan nasiha ba ta yi musu adalci idan aka faɗe ta a dunƙule. Na farko shi ne lebura, mai wuni yana ɗaukar kaya ko yana tsaye awa goma. Bincike daga Denmak, musamman na Andreas Holtermann, ya nuna aikin ƙarfi na dogon wuni ba tare da isasshen hutu ba ba ya ba zuciya irin kariyar da motsin ganin dama ke bayarwa. Shi hutu da barci yake buƙata kafin komai, ba a ce masa ya ƙara hawa bene ba. Na biyu shi ne wanda unguwarsa ba ta da gefen titi na masu tafiya a ƙasa, ko macen da ba ta jin aminci idan ta fita ita kaɗai. Ce wa irin waɗannan su daure kawai zalunci ne. Nauyin yana kan masu tsara birane, kafin nan kuma tsakar ɗaki da matakalar gida su ne filin da ake da shi, kuma suna aiki. Wanda ke da ciwon zuciya, ko yake jin nauyi a ƙirji ko jiri idan ya yi sauri, ko mai ciwon suga da ke allurar insulin, ya ga likita kafin ya ƙara tsanani. Mai ciwon gwiwa ya fara da fili kafin matakala.

Ni yanzu sau ɗaya a wata nake hawa sikeli. Abin da nake dubawa igiyar awo ce, in zagaya ta a cikina tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan na saki numfashi. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa awon nan kada ya kai rabin tsawon mutum, wato mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Ina kuma ƙirga bugun zuciyata da safe kafin in sauko daga gado, yatsu biyu a wuyan hannu, minti ɗaya cur. Sai benen wurin aiki, wanda nake hawa kowace safiya da jaka a kafaɗa, in lura a hawa na nawa ne haki ke fara kama ni. Da a na biyu ne. Yanzu sai na kai na huɗu, kuma ina iya amsa gaisuwar wanda na tarar a saman ba tare da na dafa bango ba.